Na Ce Nagge Ta Tashi

Motar Gusau ta sauke ni a Anka da la'asar sakaliya, ni da akwatin katako na kayan gyaran rediyo, da tabarma, da wani ɗan rediyo nawa da nake ji da shi ƙwarai. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce, ƙasar duk tana cikin Jihar Sakkwato a lokacin. Sunana Isa, mutumin Ringim ne ni, a Kano na koyi gyara. Masu gyara sun yi yawa a can, sai wani ya ce mini in yi yamma, Fulani da manoma sun fara sayen rediyo, ba su da mai duba musu in ya yi shiru. Ban ƙara tambayar komai ba, na taho.

Anka ba ta karɓe ni da sauƙi ba. Ɗakin hayar da na samu kusa da kasuwa na masu albashi ne, ba na mai jiran rediyon wani ya lalace ba. Aikin kuma ranar kasuwa kawai yake zuwa, sauran kwanaki in zauna ina korar ƙudaje daga kan akwati. Hausarsu ma ta ba ni wahala. In na yi tambaya a ce mini "awo", in tsaya ina neman abin da za a auna, ashe "i" suke nufi. Na ce musu ni ba ɗan birnin Kano ba ne, suka ce duk ɗaya, Bakano dai. Sunan ya bi ni har na bar ƙasar.

A nan aka fara yi mini wayo. Wani mutum mai kyakkyawar riga ya kawo rediyo a naɗe da tsumma ana tsakiyar cin kasuwa, ya ce in ajiye zai dawo. Hannuna yana kan wani aiki, ban buɗe a gabansa ba. Da ya dawo muka kwance bayan, ba komai a ciki sai tsakuwa da guntayen waya. Ya ɗora hannu a ka, ya tara mini jama'a, wai Bakano ya kwashe wa rediyonsa hanji. Wa ya san ni a garin, balle ya tsaya mini? Aka ce a yi sulhu, sulhun kuwa shi ne in ba shi nawa. Da shi nake jin masu magana irin ta gidanmu in rana ta faɗi. Daga ranar sai ɗakin ya yi mini faɗi, in tuna tuwon mahaifiyata in rasa abin da zan yi da hannuwana.

Wanda ya fitar da ni daga wannan hali wani direban a-kori-kura ne mai suna Labbo, gajere mai baki, wanda yake kwasar 'yan kasuwa daga wannan gari zuwa wancan. Na gyara masa tocila ban karɓi komai ba, ya tsaya yana kallona.

"Kai Bakano, mi kaka jira nan? Ka tare gari guda kamar mai unguwa. Yau kasuwa na nan, gobe tana can."

"To ina zan je?"

"Koma Bukkuyum. Tsakiya take. Ɗaki arha, tuwo arha. Ka hito da sahe, in ka yi gabas Anka, in ka yi yamma Gummi, ga Nasarawa kusa, ga ƙauyukka. Kahin magariba kana gida. Ko sai an zana ma a ƙasa?"

Shi ya kai ni gidan Baffa Sambo a bakin garin Bukkuyum. Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma, suna da 'yan shanu a daji wurin makiyayi. Baffa Sambo dattijo ne siriri mara yawan magana. Ya nuna mini ɗaki a jikin zaure, shararre tas, da gadon kara da ƙusar rataye riga. Abin da ya yanka mini na haya, ko kuɗin goronsa bai kai ba. Amma ya ɗaga yatsa.

"Ɗakin ga na da mai shi. Na Dikko na. Ran da yad dawo, ka ɗauki akwatinka."

"Yaushe zai dawo, Baffa?"

Ya dubi wani wuri, ya ce rijiya tana bayan gida.

Maganar Labbo ta fito. Da asuba in ɗaura akwati, in ji hon ɗinsa in fita. Ranar kasuwar Anka mu yi gabas, ranar ta Gummi mu yi yamma, ranar ta Nasarawa kafin rana ta yi zafi mun isa. Ƙananan kasuwannin ƙauye da mota ba ta shiga, in ari keke in ɗaura akwati a baya. Duk inda na je sai in nemi gindin bishiya, in shimfiɗa buhu, in hura gawayi a kurfoti in sa ƙarfen liƙa dalma ya yi zafi, don ba lantarki. Mafi yawan ciwon rediyon ƙasar ɗaya ne: an bar batir ya ruɓe a ciki, ko ruwa ya doke shi a wurin kiwo, ko kyankyasai sun yi gida. In ya yi magana a hannuna, sai ka ga dattijo ya washe baki kamar an yi masa haihuwa. Wasu su biya da kuɗi, wasu da ƙwan zabi, wani ya ce Allah ya biya ya tafi. Hanya ba ta da kyau, mu sha jijjiga, mu tura mota a yashi, Labbo yana zaginmu yana cewa mun ci tuwon banza. Amma kullum da yamma ina da inda zan koma in ajiye haƙarƙarina, kuma abin da na samo yana zama a aljihuna. Na fara aika wa gida. Na fara tunanin aure.

Mai fita kullum ya dawo kullum, ba ya rasa sallahu. Mutanen unguwa suka gane ni. Wannan ta ce in sayo mata allura a Gummi, wancan ya ce in gaya wa ƙanensa a Anka an sa ranar suna. Ina da riƙon magana, ba na mantawa. Sai dai ina da wani hali da a lokacin nake ɗauka gwaninta ce: ba na kai saƙo yadda aka ba ni. In ya yi zafi in sanyaya shi, in ya yi gajere in ƙara masa. Wata mata ta ce in gaya wa wanta shi ba ɗan goyo ba ne, na je na ce tana gaishe shi tana kewarsa, ya zo da buhun dawa suka shirya. Aka yi ta yabona, kaina ya yi girma.

A cikin gidan akwai Inna Dudu, matar yayan Baffa Sambo da ya rasu. Tsohuwa ce doguwa, fara, mai tsagar fuska. Tun kwanan farko na tarar da ƙwaryar fura da nono a bakin ɗakina, an rufe da faifai, kuma ban sake dawowa na rasa ta ba. Furar ba ta cikin haya. Da na yi maganar biya ta ce, "Innarka ta can, kuɗi kaka ba ta?" Da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta dafa ganye ta sa aka yi mini surace, ta zauna a bakin ƙofa tana kaɗa auduga har na farfaɗo. Tana son ta sa ni magana don ta yi dariyar Kananci.

"Ɗan Kano, ce 'mene ne' in ji."

"Mene ne, Inna?"

"Ji hwa! Kamar akuya na kiran ɗiyanta. Kullum kana gyaran bakin ƙarhe, naka bakin wa ka gyara shi?"

Tana da wata tsohuwar saniya ja mai karyayyen ƙaho ɗaya, wadda ta tsufa da bin garke, aka ɗaure ta a bayan gida. Ita take ba ta dusa da kanwa da hannunta. Ba ta ce mata saniya, nagge take cewa, irin na Fulani.

Abu ɗaya na lura da shi. In na dawo daga Anka ko Nasarawa, sannu da zuwa kawai take yi mini. In daga Gummi ne, sai ta tsaya tana gyara faifai, ta ce, "Mutanen Gummi lahiya suke?" Ni kuwa in kama gaya mata yadda gero ya yi tsada. Na ba Labbo labari a hanya, ya kusa sakin sitiyari don dariya.

"Kai wawa na? Gero taka tambaya? Dikko mai ɗakinka ɗanta na, na hwari. Yana karar Gummi yana dillancin shanu. Sun yi rigima da Baffa bisa shanun gado, yay yi rantsuwa ba ya sake taka gidan sai in ita tak kira shi."

"To ta kira shi mana."

"Bahillata ta kira ɗan hwari? Ko sunanai ba ta kamawa. Ko yana gabanta ba ta dubanai. Shi ya san hakanan yay yi rantsuwar, don zuciya."

A wurinmu ma ana kunyar ɗan fari, amma ban taɓa ganin mai tsanani haka ba. Labbo ya nuna mini Dikko a kara, wato kasuwar shanu. Dogo ne kamar uwarsa, da sanda a kafaɗa. Daga baya shi ma ya kawo mini rediyonsa. Yana tsugune ina gyara, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ɗakin na zuba?" Na ce ba ya zuba. Ya ce, "Mutanen gida lahiya?" Na ce lafiya. Daga nan duk ranar kasuwar Gummi sai ya ratso ta gindin bishiyata ya yi wannan tambayar, ni kuma in koma da yamma in ce wa Inna mutanen Gummi suna lafiya, duka-dukansu. Ta ce madalla. Ba wanda ya aike ni a cikinsu, amma ni ne igiyar da ke tsakani, kuma na sani. Na san wani abu kuma: muddin igiyar ba ta jawo shi gida ba, ɗakin nawa ne.

A damina ta biyu Inna Dudu ta kwanta. Da fari tari ne, sai ƙafafu suka kumbura, sai ta daina fitowa. Matar Baffa ce take kawo mini fura, kuma ba irin damun ba ne. An yi maganar asibiti ta ƙi. In na zo gaishe ta in tsuguna a bayan asabarin ƙofarta, in ce ya jiki, ta ce da sauƙi, muryar kuwa kullum tana ƙara nisa.

Wata safiya ta kasuwar Gummi, na ɗaura akwati ke nan, matar Baffa ta ce Inna tana kira. Na tsuguna a inda na saba. Ta daɗe tana numfashi kafin ta yi magana.

"Ɗan Kano, Gummi za ka?"

"Can za ni, Inna."

"Ka biya kara. Akwai wani mutum can." Ta yi tari. "Ka ce mai, tsohuwar nagge ta kwanta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kak ka ƙara, kak ka rage."

Ba sai an fassara mini ba. Kanta take nufi. Wannan ne kiran da Dikko ya rantse sai da shi zai dawo, kuma iyakar abin da bakinta zai iya ke nan. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ta ɗauka tana haɗa waɗannan kalmomi. Amma da na zaga bayan gida zan wanke hannu a bakin rijiya, sai na ga jar saniyar a tsaye tana tuƙa, tana kaɗa wutsiya. Na tsaya ina kallonta. Wani abu a zuciyata ya ce, ai ga nagge nan, ƙalau take.

A mota ban yi hira ba, har Labbo ya ce ko an yi mini kishiyar sana'a ne. Ina ta lissafin inda zan koma da akwatina cikin ruwan nan. Anka na san tsadarta, Gummi ta fi ta, kuma duk wanda na zaɓa a cikinsu sauran kasuwanni sun yi mini nisa. Na tuna zaman korar ƙudaje. Na tuna yarinyar da aka fara yi mini maganar aurenta a gida. Ba na ce na yanke shawarar yin ƙarya ba. Na dai bar abin yana yawo a kaina ban kore shi ba.

Da muka isa, kamata ya yi in wuce kara kai tsaye. Ban wuce ba. Na shimfiɗa buhu, na hura gawayi, na yi aiki har bayan la'asar, sannan na tafi. Na tarar ana loda shanu a babbar mota, ana ihu, ana jan igiya, Dikko yana tsaye a kan tudun lodi yana nuna wanda za a fara shigarwa. Kudu za su, shi ne zai raka su. Da ya gan ni ya sauko, don ban taɓa zuwa nemansa ba.

"Bakano, lahiya?"

"Lafiya. Inna ce ta ce in gaya maka, tsohuwar nagge ta kwanta."

Na ga sandar ta zame daga kafaɗarsa, ya tare ta da hannu. Fuskarsa ta canza. Ya waiwaya ya dubi motar, ya dubi hanyar gabas. Na ga zai ce a nemo wani ya raka shanun. A nan bakina ya buɗe.

"Amma ni dai da safen nan na gan ta a tsaye."

Ya juyo. "Ta tashi?"

"Ta tashi."

"Da idonka kag gani?"

"Da idona."

"Tana ci?"

"Tana ci, tana sha."

Ya saki numfashi, ya ce alhamdu lillahi. Shi yana tambayar uwarsa, yana zaton na bi shi ne da irin maganarsu ta kunya. Ni ina ba shi amsar saniya. Kowace kalma da na faɗa gaskiya ce, kuma na san abin da nake yi da ita. Ya ce in ce musu yana nan tafe in ya sauke kayan mutane ya juyo. Har ya saya mini tsire a bakin kara. Na ci.

Da na koma, na tsuguna a bayan asabari na ce, "Inna, na isar da saƙo." Ban faɗi maganar Kudu ba. Ba ta tambayi abin da ya ce ba, ba za ta iya ba. Ta ce madalla. Na yunƙura zan tashi, ta ce in dakata.

"Ɗan Kano, in an yi baƙo, ka yi haƙuri ka kwan zaure. Kwana kaɗan na. Na yi magana da Sambo, ba mai korar ka. In ya zauna ma, a gina ma wani ga gehe in ruwa sun ɗauke. Ka ji?"

Na ce na ji. Ban san yadda na kai ɗakin ba. Tana kwance tana fama da numfashi, ashe har ta yi tunanin inda zan sa kaina, ta gama maganar da Baffa tun kafin ta aike ni.

Washegari ba kasuwar Gummi ba ce, Labbo wata hanya zai yi. Na bar akwati, na taka da ƙafa cikin yayyafi har bakin babbar hanya, na jira, na samu wata motar hatsi ta ɗauke ni. Na isa kara na tarar da ita fayau, sai kashin shanu da sawun taya. Wani dillali ya ce tun da asuba suka ɗaga. Na ce yaushe za su dawo, ya ce ya danganta da kasuwar can da halin hanya. Na roƙe shi duk motar da za ta bi bayansu a gaya wa Dikko ya juyo, uwarsa ce ba lafiya, na faɗa da sunanta ƙarara. Ya ce to, in an samu mai zuwa.

Inna ta sa aka wanke wata tsohuwar tabarma aka shanya. Ta sa matar Baffa ta riƙa dama fura ta biyu tana ajiyewa. Ta sa aka jawo shimfiɗarta bakin ƙofa, aka naɗe asabarin, inda ake hango zaure. Duk lokacin da namiji ya yi sallama, sai ta yi sauri ta juya fuskarta bango, don in shi ne kada ya tarar tana kallon hanya. In ta ji muryar ba tasa ba ce, sai ta juyo a hankali. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Wani lokaci ma sallamar tawa ce.

Abin da ya rage mini shi ne in gaya mata laifin ba na ɗanta ba ne. Na gwada sau ɗaya. Na tsuguna na ce, "Inna, maganar nan ta Gummi..."

"Ba a tambaye ka ba, ɗan Kano."

Tsoro take ji kada in ce ya ƙi. Na san haka. Da na ci gaba da magana da ta ji, ba ta da ƙarfin hana ni. Sai na riƙe maganarta ta zama mini mafaka, na ce ai ita ta hana. Na koma bin kasuwanni, har da waɗanda ban saba zuwa ba, don kada in wuni a gidan. In fita ba ta farka ba, in dawo in yi gaisuwa a gajarce. Furar baƙon in ta kwana, ni ake miƙo wa da safe.

Ina kasuwar Anka ranar da ta rasu. Na dawo da yamma da akwati a ka, na hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune. An riga an kai ta. Baffa Sambo ya miƙo mini hannu ya ce, "Innarka ta tahi." Mutane suka riƙa yi mini ta'aziyya kamar ɗan gida, suna cewa ta so ni, na kyauta mata. Wasu kuma suna magana ƙasa-ƙasa, wai an aika wa ɗanta ya zaɓi shanu. Ina ji, ban wanke shi ba.

Dikko ya iso bayan an yi addu'ar bakwai. Saƙona ya same shi a hanya yana dawowa. Ya rame, rigarsa duk jar ƙasa. Ya tsuguna a gaban Baffa, suka daɗe hannu cikin hannu ba wanda ya ambaci shanun gado. Ya shiga ciki ya tsaya a bakin ɗakinta, bai shiga ba. Da rana ta yi sanyi ya leƙo zaure ya ce, "Bakano, zo."

Na bi shi bayan gida. Jar saniyar tana tsaye a turkenta tana tuƙa. Ya dafa bayanta.

"Ita ta kag gani?"

"Ita ce."

Na gaya masa duka. Na ce na gane saƙon tun a bakin ƙofa. Na ce ta gargaɗe ni kada in ƙara. Na ce saboda ɗakin ne. Ina jiran sanda, kuma da ya ɗaga ta da na fi jin daɗi. Bai ɗaga ba. Yana ta shafa wuyan saniyar.

"Na tambaye ka ta tashi. Na tambaye ka tana ci," in ji shi. "Ban tambaye ka wace ba. Tambayar ta zo min har baki. Shanu na bisa mota, mutane na jira. Da kac ce ta tashi, daɗi naj ji, na bar ta nan."

Na ce wannan bai rage mini komai ba. Ya ce shi ma ba don ya rage mini ya faɗa ba. Sai ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun da na san shi.

"Abu guda nika son sani. Ka gaya mata? Ko ta tahi tana zaton na ji kiranta na ƙi zuwa?"

Ba wanda ya san amsar sai ni. Da na ce na gaya mata, ta yafe, ta sa masa albarka, da ya yarda, don yana son ya yarda, kuma maganar har ta haɗu a bakina.

"Ban gaya mata ba," na ce. "Haka ta tafi."

Ya kifa goshinsa a kan tozon saniyar. Da ya ɗago ya share fuska da hannun riga.

Na ce zan kwashe kayana yanzu in ba shi ɗakinsa.

"Bar su," ya ce. "Wa zan zauna ma nan? Ni ba ni iya kwana gidan ga. Riƙe ɗakin."

Na so a ce a nan zan rubuta cewa na ɗauki akwatina a ranar na bar garin. Ban ɗauka ba. Damina ce, ɗakin ba ya zuba, kuma garin tsakiya ne. A masallaci ya kwana, ni na kwana a gadonsa. Da gari ya waye kasuwar Gummi ce. Labbo ya yi hon, na fito da akwati, na tarar da Dikko ya riga ni hawa bayan mota. Wuri ɗaya ya rage, a gabansa. Muka zauna gwiwa da gwiwa, mota tana jijjiga mu tana haɗa mu har Gummi. A bakin kara ya sauka, ya saɓa sandarsa, bai waiwayo ba. Ni kuwa na yi aikina, da magariba na koma Bukkuyum.